Aikatau mai jela: Turancin da Bahaushe ya riga ya san rabinsa

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, akwai wata takarda da ke yawo a hannun ɗaliban Kano. Fotokwafi ce da aka yi ta maimaitawa har baƙin ya dishe, yanzu kuma ta shiga waya ana tura ta a WhatsApp. An raba ta gida biyu. A hagu akwai "give up", "put off", "call off", "look into", "put up with", "turn down". A dama akwai "surrender", "postpone", "cancel", "investigate", "tolerate", "reject". Yara na biya ta kamar karatun allo, a cikin Adaidaita Sahu, a soro, a bakin shago bayan magariba.

Na daɗe ina koyar da Turanci a lesin na yamma a wajajen Gwammaja, kuma shekaru da dama ni ma ina raba wannan takarda. Wata yarinya ce ta sa na sake tunani, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, mai ƙwazo, wadda ba ta fashi ko ana ruwa. Na ba su labarin wani yaro da akuyar gidansu ta ɓace, ya zaga bayan gida, "he looked into the well". Na ce kowa ya sake faɗin jimlar da wata kalma. Sai ta rubuta "he investigated the well". Da na ja mata layi da jan biro, ta taso da takardar a hannu ta ce, "Malam, ai haka yake a nan, duba ka gani." Na duba, haka yake kuwa. Yaron leƙa rijiya kawai ya yi ya ga ko akuyar ta faɗa, amma ba wanda ya taɓa gaya wa yarinyar cewa "look into" fuska biyu gare shi, ta leƙawa da ta bincike. Takardar ba ta yi mata ƙarya ba. Rabin magana ta faɗa mata, ta riƙe rabi.

Turawa "phrasal verb" suke kiran wannan abu. Ni a aji aikatau mai jela nake ce masa: gajeren aikatau irin su "get", "put", "take", "come", "give", sai a ɗaura masa 'yar kalma a baya, "up" ko "down" ko "in" ko "out" ko "off", jelar nan kuma ita ke juya akalar ma'ana. Wahalar ba yau ta fara ba, kuma ba mu kaɗai ta dama ba. Samuel Johnson, wanda ya fitar da babban ƙamus ɗinsa na Turanci a 1755, ya faɗa a gabatarwa cewa irin wannan haɗi ya fi yawa a Turanci, watakila fiye da kowane harshe, kuma shi ne abin da ya fi ba baƙo wuya. Shekaru fiye da 250 ke nan, baƙi na nan suna fama.

Tambayar da ba a cika yi a aji ba ita ce, me ya sa Turanci ke da hanya biyu ta faɗin abu ɗaya? Amsar na cikin tarihi. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya tsallako daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotu da gidajen manya suka koma magana da Faransanci, coci da makaranta kuma dama Latin suke yi, Turanci ya zama harshen manomi da mai kiwo da uwa a ɗaki. An kai kusan shekara 300 a haka. Sai a 1362, lokacin Sarki Yaji na kan gadon sarautar Kano, aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Turanci a kotunan Ingila. Kafin Turanci ya dawo fada, ya riga ya kwashi dubban kalmomi daga Faransanci, daga baya masana suka ƙara ɗebo masa daga Latin. Tsofaffin gajerun kalmomin ba su mutu ba, sababbin kuma ba su koma gida ba. Suka zauna tare, kowacce da muhallinta. "Put off" ɗan ƙasa ne, "postpone" baƙo ne da ya zauna har ya yi jikoki.

Bakano bai kamata ya ji wannan labari baƙo ba, don irinsa ne ya faru da harshenmu. Tun zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, da zuwan Almagili a zamanin Muhammadu Rumfa, Larabci ya shiga fada da kotun alƙali da zauren malamai, ya bar mana kalmomi masu rawani. Muna cewa an kafa makaranta, muna kuma cewa an assasa ta. Ka je biki, amma gwamna halartar taro yake yi. Ka leƙa gidan kawu, amma sarki ziyara yake kaiwa. Akuya mutuwa take yi, maƙwabci rasuwa, babban malami kuwa wafati. Ma'ana ɗaya ce idan ƙamus ka tambaya, amma wanda ya ce akuyarsa ta yi wafati za a tsaya a dube shi, wanda kuma ya shiga gidan makoki ya ce "ina wanda ya mutu?" ya nuna bai da tarbiyya. Babu yaron da ya tashi a Kano da ke buƙatar a koya masa wannan bambanci da alli. To haka yake tsakanin "find out" da "discover", tsakanin "set up" da "establish", tsakanin "drop in" da "visit". Wasiƙar neman aiki da rahoton ofis sun fi son kalmar dama. Hira da waya da fim da kanun jarida sun fi son ta hagu. Takardar hadda ta ɗora su a sikeli ta ce nauyinsu ɗaya, alhali abin da ɗalibi ya fi buƙatar sani shi ne wa ake faɗa wa wacce, kuma a ina.

A nan ne nake ganin karatunmu ya karkace. Turancin da muka samu ta littafi muka same shi, daga malamin da shi ma ta littafi ya samu, don haka muka taso muna ganin doguwar kalma ita ce ilimi. Ba banza Bahaushe ya ƙirƙiro "dogon Turanci" ba. Za ka ga matashi ya gama digiri, yana rubuta "commence" da "terminate" ba gargada, amma ranar da aka kira shi ganawar neman aiki ta waya aka ce masa "hold on, I'll put you through", ko "you're breaking up", sai ya yi shiru, ba don rashin basira ba, sai don ba a taɓa shigar da shi wannan ɗaki na harshen ba. 'Yan'uwanmu ma'aikatan jinya da ke shirin jarrabawar IELTS, ta gwajin Turanci ga masu son fita waje, da yawa a ɓangaren sauraro suke gano wannan giɓi.

Wani abin da ke ba yara mamaki idan na nuna musu shi ne, dogayen kalmomin nan su ma masu jela ne, sai dai tasu jelar a gaba take, kuma an narkar da ita cikin jiki. "Postpone" daga Latin take: "post" baya, "ponere" ajiyewa, wato ajiye abu zuwa baya. "Expel" kuwa "ex" waje ne, "pellere" kora. "Interrupt" karyawa ce a tsakani, abin da muke cewa katse magana. Wadda na fi so ita ce "investigate", don a cikinta akwai kalmar Latin mai nufin sawun ƙafa. Bin sawu ke nan, bin diddigi, yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace. Ranar da na faɗa wa yarinyar nan haka, ita da kanta ta ce, "Ashe shi ya sa ba a yi wa rijiya, Malam, sai in wani abu ya faru a cikinta."

Amma babban makamin da ɗalibin Hausa ke da shi, wanda aka hana shi amfani da shi, yana cikin bakinsa. A makarantu da yawa har yau laifi ne a ji ka da Hausa a ajin Turanci. Ni kuwa ina ganin a wannan babi musamman, Hausa ce tsani mafi kusa. Dubi wannan: fita, fito, fitar, fice. Saiwa ɗaya ce, ƙarshen kalmar kawai ke sauyawa, amma kowane sauyi na nuna inda aikin ya dosa. Fita shi ne "go out", fito "come out", fitar da "take out", fito da "bring out". Shiga "go in", shigo "come in", shigo da "bring in". Koma "go back", dawo "come back", mayar da "take back". Ko ka ɗauki zuba: uwa ta zuba miya a kwano, ruwa ya zubo daga indararo, an zubar da ruwan wanki, hatsi ya zube a ƙasa. Masanin Hausa F. W. Parsons na jami'ar Landan ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma har yau ana karantar da tsarin a sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero. Abin da Bahaushe ke yi da ƙarshen aikatau, shi Bature ke yi da jela. Aiki ɗaya ne, kayan aiki ne suka bambanta.

Akwai ma inda abin ya fi haka daɗi. Yara kan tambaye ni, me "up" ke yi a cikin "eat up", tunda ba sama ake kai abincin ba? Sai in ce, mene ne bambancin "ya ci tuwo" da "ya cinye tuwo"? Nan take aji ke amsawa: na biyun bai rage komai ba. To shi ke nan, in ji ni, "up" ɗin nan ita ce "nye" ɗinku. Sha da shanye, "drink" da "drink up". Saya da saye: ɗan kasuwa ya shiga Dawanau ya sayi masara, wani kuma ya saye masarar kasuwar kakaf, shi ne "buy up". Ƙona da ƙone, "burn" da "burn down". Ɗauka da ɗauke, "take" da "take away". A nan takardar hadda ba ta da abin cewa sosai. In ta ce "eat up" daidai yake da "consume", ta ba yaro kalmar da ba zai taɓa ji uwa ta faɗa wa ɗanta a kan tabarma ba, ta kuma ɓoye masa ƙa'idar da za ta buɗe masa "use up", "finish up", "clean up", "fill up", "dry up" a zama ɗaya.

Ba ina cewa ƙa'idar na aiki ko'ina ba ne. Akwai tarin aikatau masu jela da ba ruwansu da hankali. Ka san "put", ka san "up", ka san "with", amma ba yadda za a yi ka haɗa su ka fito da jurewa. Ka san "make" ka san "up", amma wa zai gaya maka cewa "make up" na nufin ƙirƙirar ƙarya, da shiryawa bayan faɗa, da kwalliyar fuska, da rama abin da ya wuce ka? Waɗannan sai an zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai nan ma ba mu da bakin yi wa Bature ƙorafi. Ka tuna abin da muke yi da "ci". Muna cin abinci, muna cin amana, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, muna cin zaɓe, muna cin mutunci, muna cin kasuwa, muna cin gaba. Muna shan ruwa, muna shan wahala, muna shan iska, muna shan alwashi, muna shan kaye. Muna sa hannu, sa ido, sa baki, sa rana. Ɗan Ibo da ya buɗe shago a Sabon Gari ya koyi waɗannan duka, ba da takarda mai gida biyu ba, da jin su a bakin masu ciniki, kowacce a wurin da ta dace. Kuma in ka ce masa "cin amana" daidai yake da "ha'inci" ka taimake shi, amma ba ka gama masa aiki ba.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne inda jeloli biyu suka yi kama. "Put off" da "call off" duk da "off" suka ƙare, yara kuma na cakuɗa su kullum. Na kan tuna musu daren 16 ga Fabrairun 2019, lokacin da hukumar zaɓe ta fito sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna ta ce an ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. Mutane sun riga sun tafi garuruwansu, wasu sun rufe shaguna, amma zaɓen na nan, mako ɗaya aka ƙara. Wannan shi ne "put off". Da "call off" aka yi, da fasawa ke nan ɗungurungum. Duk wanda aka taɓa ɗaga ranar aurensa ya san tazarar da ke tsakanin an ɗaga da an fasa. Haka ɗaliban jami'a da suka zauna a gida wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, suka koyi sauraron kalma da kunnen basira: ƙungiyar ASUU cewa ta yi ta "suspend" yajin aikin, wato ta jingine shi, kuma abin da aka jingine ana iya komawa a ɗauka.

Sai kuma "pass". Wani yaro ya taɓa rubuta mini a insha'i cewa kakansa "passed out last Ramadan". Rasuwa yake nufi, Allah ya jiƙan tsohon, amma abin da ya rubuta suma ne. Rasuwa "pass away" ce. Abin da ya ƙara rikita shi, yayansa ya gama bautar ƙasa a shekarar, gida duka ana ta maganar "passing out", wanda a harshen soja da na masu yi wa ƙasa hidima yaye yake nufi. Jela ɗaya, ma'ana biyu, ga kuma ta uku a maƙwabtaka tana jira.

Turancinmu na Najeriya ma ya yi nasa gyare-gyaren. Mun yar da aikatau mun riƙe jela, muna cewa "off the light", "on the fan". Mai jawabi a taro zai ce "let me round up", alhali a Turancin Ingila kammalawa "round off" ce, "round up" kuwa tattarawa ce, irin wadda ake yi wa shanu ko waɗanda ake zargi. Muna ƙara jela inda babu, mu ce "cope up with" da "discuss about". Ni ban ɗauki waɗannan abin kunya ba. Harshe ne ya zauna a ƙasa ya ɗauki ƙamshinta, kuma a Kantin Kwari kowa zai gane ka. Amma mai makin WAEC ba zai yafe ba, don haka haƙƙin ɗalibi ne a gaya masa wanne ne na kasuwa, wanne ne na takardar jarrabawa, ba tare da an muzanta wanda ya taso da shi ba.

Akwai wani abu kuma da kalmar dama ba za ta taɓa nuna maka ba, wato inda ake ajiye wakilin suna. Kana iya cewa "turn off the fan", kana iya cewa "turn the fan off", duk daidai. Amma da zarar fanka ta koma "it", hanya ɗaya ta rage: "turn it off". A gefe guda "look after the child" ba ya rabuwa ko kaɗan, "look after him" ne har abada. Mu ma muna da irin wannan. Muna cewa "ya sayar da mota", amma "ya sayar mini da mota", sai ga "mini" ta kutsa tsakani, kuma ba ɗan da zai ce "ya sayar da mini mota". Shi ya sa nake ce wa yara su riƙa haddace aikatau da "it" ɗinsa a jiki: "put it off", "call it off", "look into it", "get over it". Kunne ya saba da sautin, hannu ba zai yi kuskure ba.

Duk da haka ban ce a ƙona takardar ba. JAMB na tambayar kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana, WAEC kuma a ɓangaren fahimtar labari na cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata. Amma a duba umarnin da kyau: cewa yake yi kalmar da za ta maye gurbinta kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin. Masu jarrabawar da kansu sun san "take off" na jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano daban ne da "take off" na takalmi a ƙofar masallaci, daban kuma da na sana'ar da ta fara haɓaka. Jimla suke tambaya, mu kuma muna koya wa yara kalma tsirara.

Yanzu a ajina jela muke bi, ba aikatau ba. Mako guda muna kan "off", muna ganin yadda yankewa da rabuwa ke bin ta: "cut off", "break off", "switch off", "lay off" na sallamar ma'aikata, "see off" na rakiyar baƙo zuwa tasha. Wani makon "out", wadda wani lokaci ƙarewa take nunawa kamar "run out" da "sell out", wani lokaci fitowa fili kamar "find out" da "point out". Duk wanda ya tsinci sabo a rediyo ko fim ko waya, sai ya rubuta jimlar dukanta, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, ya sa Hausarta a ƙasa. Kalmar Latin ita ce ta ƙarshe, in akwai ta.

Cikin ɗalibaina na bana akwai wani saurayi da ke gyaran waya a Farm Centre da safe, ya zo lesin da yamma hannunsa na warin dalma. Ranar farko ya ce mini shi fa wannan babin ba ya shiga kansa. Na ce ya faɗo mini abin da yake gani a fuskar waya kullum. Ya fara: "log in", "log out", "sign up", "back up", "shut down", "turn on", "set up", "top up", "pop up", "hang up". Ya wuce ashirin bai tsaya ba, kuma kowanne ya san aikinsa sarai, don in ya manta da yi wa mai waya "back up" kafin ya goge ta, shi zai kwana da rigima. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa waɗannan su ne abin da yake tsoro.

Da ya gama sai ya ce, "To Malam, 'give up' fa? Takarda ta ce 'surrender'." Na ce ya ba ni Hausarsa. Ya ce miƙa wuya. Na ce ƙara. Ya yi jim, ya ce saduda, sannan ya ce dainawa. Na sa shi ya yi wa kowacce jimla. Ta farko a kan ɓarawon da aka ritsa a lungu, ta biyu a kan ɗalibin da lissafi ya gagara, ta uku a kan mahaifinsa da likita ya hana shan sukari a shayi. Ya ɗauki "surrender" ya gwada a ta farko, ta zauna daram. Ya gwada a ta biyu, ya ɗan karkata kai. Da ya zo ta uku ya karanta a hankali sau biyu, ya sa bayan biro ya soke ta, ya mayar da "gave up sugar" yadda take.